Yadda Ake Hawan Chappal Waddi, Dutsen da Ya Fi Kowanne Tsawo a Najeriya

Duk faɗin Najeriya babu inda ya kai ƙololuwar Chappal Waddi tsawo: mita 2,419 daga matakin teku. Dutsen, wanda wasu ke kira Gangirwal, yana Jihar Taraba, a gefen kudu maso gabas na gandun dajin Gashaka-Gumti, daidai kan iyakarmu da Kamaru. Tsaunukan Shere na Jos, da mutanenmu suka fi sani, mita 1,800 ne da 'yan kai, ka ga akwai rata. Sai dai kada lissafin ya razana ka. Hawan Chappal Waddi ba ya bukatar igiya ko ƙugiya irin waɗanda ake gani a talabijin. Tafiyar ƙafa ce mai tsawo, hawa da gangara, kuma duk mai lafiyar da zai iya wuni yana tafiya zai iya ta. Waɗanda suka juyo ba su kai ba, yawanci tun daga ƙasa suka ɓata tafiyar: ko sun zo a watan da bai dace ba, ko sun raina sanyi, ko sun ɗauka za su iya ba tare da mutanen wurin ba.

Mu fara da wata, domin a nan ne ake yawan asara. Damina a wannan yankin doguwa ce, tana farawa wajen Afrilu, ba ta ɗaukewa sai ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba. A cikinta rafuka na cika su hana ƙetarewa, jar ƙasar hanya ta zama santsi, gajimare ya zauna a kan dutsen ya ƙi tashi, ga kuma tsawa, wadda ba abin wasa ba ce ga mutumin da ke tsaye a doron dutse babu abin da ya fi shi tsawo. Saboda haka kowa zai ce maka ka zo da rani, daga Disamba zuwa Maris. Gaskiya ne, amma da saura. Ranin ma iri-iri ne. Daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu kan cika sararin sama, makiyaya kuma na ƙona tsohuwar ciyawa don sabuwa ta tsiro, sai hayaƙi ya haɗu da hazo. Mutum zai sha wahalar kwanaki ya isa ƙololuwa, ya duba gabas ya duba yamma, bai ga komai ba sai fari fat. Idan kallon ne ya kawo ka, a ganina babu kamar ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba: ruwa ya ɗauke, ƙasa ta fara bushewa, ciyawa na nan kore, iska kuma a wanke take. Farashin wannan zaɓi shi ne rafuka ba su gama janyewa ba, ciyawa kuma ta yi tsawo, raɓa za ta jiƙa ka har ƙugu da safe. Ni dai na yarda da wannan ciniki.

Ba a shiga gandun dajin gwamnati kamar yadda ake shiga dajin bayan gari. Gashaka-Gumti shi ne mafi girma a gandayen dajin ƙasa na Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba ya shiga Adamawa ta wajen Toungo. A 1991 aka haɗe gandayen namun daji biyu, na Gashaka da na Gumti, aka mayar da su guda a ƙarƙashin gwamnatin tarayya. Hedikwatarsa tana Serti, kuma nan ne zangonka na farko ko ta wace hanya za ka hau. A ofishin za ka rubuta sunanka da na abokan tafiyarka, ka faɗi inda za ku da kwanakin da za ku yi, ka biya kuɗin shiga, a haɗa ku da renja, wato ma'aikacin gandun da zai raka ku. Karɓi rasit ka adana shi cikin leda. Ka tuntuɓi ofishin makonni kafin ka baro gida, kada ka faɗo musu da rana tsaka kana son renja gobe da asuba. Tun 2017 wata ƙungiya mai zaman kanta, Africa Nature Investors, take aiki tare da hukumar gandayen daji ta ƙasa wajen kula da wurin da horar da renjoji, don haka sintiri ya ƙaru, wanda kuma aka kama a ciki babu takarda zai yi bayani. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a ofishin ita ce ta tsaro: yaya hanya take a wannan makon? Su ne ke da labarin yau. Idan suka ce a dakata, a dakata.

Hanyar mota daga Jalingo ta bi ta Garba Chede da Bali ta isa Serti. Ka ba ta wuni guda, kada kuma ka yi ta da dare. Daga Serti hanyoyin hawa biyu ne. Akwai ta ƙasa, wadda ke tashi daga ƙauyen Gashaka ta keta kurmi ta yi ta hawa, takan ci mako guda ko fiye, ta masu ƙarfi da lokaci ce. Akwai kuma ta tudun Mambila, wadda yawancin baƙi ke bi, ita zan yi magana a kanta. Mota za ta kai ka Mayo Selbe a gindin tudu, daga nan titi ya fara nannaɗewa yana hawa, kwana bayan kwana, har Maisamari, sannan Nguroje. Amfanin wannan hanya a fili yake: mota ta riga ta hau maka fiye da rabin tsayin, domin tudun Mambila kansa ya kai wajen mita 1,500 zuwa sama. Daga Nguroje sai babur zuwa Njawai, inda aka saba fara tafiyar ƙafa. Kada ka raina wannan zangon na babur, wasu sun fi jin jiki a kansa fiye da hawan dutsen. Zaɓi ɗan acaɓan da ya saba da hanyar, a ɗaure kaya da kyau, inda ya ce ka sauka ka taka, ka sauka. Daga Njawai zuwa ƙololuwa da dawowa, ka tanadi kwana uku zuwa huɗu, ka ƙara kwana guda na ko-ta-kwana.

Idan hali ya yi, kwana ɗaya a Nguroje ko Gembu kafin ka fara tafiya. Jiki zai saba da sanyi da iskar tudu, ka kuma sayi abin da ka manta. A nan kusa ne Kakara take, inda ake noman ganyen shayin Highland, wanda ya cancanci a leƙa.

Yanzu ga abin da takardar Serti ba za ta yi maka ba. Tsaunukan nan ba kufai ba ne. Akwai ƙauyuka da rugage a hanya, har a cikin gandun akwai wuraren da doka ta bar wa makiyaya su zauna da shanunsu. Hanyar da za ka taka ta shanunsu ce, ruwan da za ka sha nasu ne, idan kuma ƙafarka ta gurɗe su ne za su ɗauko ka. Da ɗan gari akan ci gari. Duk ƙauyen da za ku kwana ko ku ɗauki 'yan dako, ku fara zuwa gaida jauro, a ruga kuma arɗo. Renja ne zai gabatar da ku. A cire takalmi, a zauna, a yi gaisuwa a tsanake, a faɗi abin da ya kawo ku, a ajiye ɗan goro ko sukari da ganyen shayi. Fulatanci ne harshen kasuwa a tudun Mambila, amma Hausa za ta kai ka nesa, kuma ko gaisuwa biyu ka koya da Fulatanci za ka ga yadda fuska ke sakewa. Kada ka ɗauki hoton mace ko na garke sai ka nemi izini, kada ka tambayi makiyayi yawan shanunsa. Maganar filaye tsakanin manoma da makiyaya kuma ka bar ta inda ka same ta. Rikicin 2017 ya ci rayuka a tudun nan, baƙon kwana uku ba shi da abin da zai ƙara a kai.

'Yan dako a ƙauyen ake ɗaukarsu, kuma a gaban jauro ko renja ake yanke kuɗi kafin a ɗaga kaya: nawa ne a wuni, wa zai ciyar da wa, kwanan dawowa yana cikin lissafi ko ba ya ciki. Kada kayan mutum ɗaya su wuce kilo 20. Wani abin da baƙi ke yi wanda ba ya yi mini daɗi shi ne su zo da tanti da rigunan sanyi na kansu, su bar wanda ya ɗauko musu kayan ya kwana a waje da riga ɗaya. Ka lissafa bargonsa da abincinsa cikin kayan tafiya tun daga gida. Kuɗi kuma ka riƙo su a hannu, ƙanana, domin bayan Nguroje kada ka sa rai da banki ko tiransifa, sabis ɗin waya ma sai an dace.

Sanyin fa? Ƙa'idar da masana yanayi suka sani ita ce, duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Tsakanin Serti, inda za ka yi ta gumi, da kan dutsen akwai kusan mita 2,000, wato bambancin digiri 12 ko 13 ke nan tun kafin a sa iska a lissafi. Da dare a watannin hunturu yakan sauka ƙasa da digiri 10. Bakano zai ce ai mu ma muna ganin haka a Janairu. Haka ne, amma a Kano kana cikin ɗaki, da bargo, jikinka a bushe. A can kuwa ka wuni kana gumi, rigarka ta jiƙe, ka tsaya a fili iska na kaɗawa. Jiƙaƙƙiyar rigar auduga ita ce babbar abokiyar gaba, domin tana riƙe ruwa ta yi ta zuƙe ɗumin jiki. Dabarar ita ce riguna da yawa marasa kauri maimakon guda ɗaya mai nauyi: ta ciki irin ta 'yan ƙwallo mai saurin bushewa, suwaita a kai, sannan rigar ruwa da za ta tare iska. Kana tafiya ka rage, ka tsaya ka ƙara nan take, kada ka jira sai ka fara rawar ɗari. Kaya guda na barci ka ƙulle su a leda, kada ka taɓa su sai an kafa tanti. Hular sanyi da safar hannu da safar ƙafa uku ko huɗu duk ana samunsu a gwanjo da araha. Ka kuma sa tabarmar roba a ƙarƙashinka, domin sanyin da ke tasowa daga ƙasa ya fi na sama cin mutum. Idan ka ga abokin tafiya yana karkarwa ba ƙaƙƙautawa, maganarsa ta fara sarƙewa, yana tuntuɓe, a tsaya a canza masa busassun kaya, a lulluɓe shi, a ba shi shayi mai zafi da sukari. Ba a ci gaba da hawa da irin wannan mutum.

Takalmi kuwa, wanda ka saba da shi, mai tauri a ƙasa da zane mai kama ƙasa. Sabon takalmi zai cije ka tun wunin farko. Yanke farcen ƙafa kafin ka taso, za ka gode mini a gangara.

Ciwon tsayi, wanda ke kama masu hawan Kilimanjaro, yawanci daga mita 2,500 yake farawa, don haka a nan bai cika yin tsanani ba. Duk da haka iskar ƙololuwar ta yi kusan kashi uku cikin huɗu na kaurin ta bakin teku. Za ka ji numfashi na guntulewa, wani ya ji ɗan ciwon kai. Maganinsa rage sauri da shan ruwa. Mai ciwon zuciya, asma, hawan jini ko sikila ya ga likita kafin ya yanke shawara, mai sikila musamman, domin ƙarancin iska da sanyi da ƙishirwa duk suna tayar da ciwon.

Wajen auna tafiya akwai wani lissafi da wani ɗan ƙasar Scotland mai hawan duwatsu, William Naismith, ya fitar a 1892, har yau ana aiki da shi: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan na mutum mai ƙarfi ne marar kaya, kai ka ƙara sulusi a kai. Idan ɗan dako ya ce maka wurin na nan kusa, ka tuna da ƙafarsa yake aunawa. Ku tashi da an idar da sallar asuba, ku yi yawancin hawan kafin rana ta take. Taki gajere, numfashi daidai, saurin da za ka iya hira a cikinsa. Mafi rauni a ayari shi ake sawa a gaba bayan jagora, renja ko wani mai ƙarfi ya tsare baya, kuma ba a rabuwa. Hanyoyin shanu a kan tudun nan sun yi yawa, duk kamarsu ɗaya, gajimare kuma kan sauko cikin 'yan mintoci ya rufe komai har ka kasa ganin wanda ke gabanka. In haka ta faru kai kaɗai, tsaya inda kake ka yi ta kira. Sanda, irin ta makiyaya, ta fi duk wani kayan zamani amfani: tana tallafar gwiwa, tana auna zurfin rafi, tana kore abin da ke kwance a ciyawa kafin ƙafarka ta isa. Kowace yamma ka duba jikinka, musamman bayan gwiwa da ƙugu, saboda kaska. Ƙasar shanu ce.

Ruwa akwai shi a ƙoramu, garai-garai, mai sanyi, amma shanu na sha a sama da inda kake ɗiba. Tafasa shi ko ka jefa ƙwayar tsarkake ruwa. Lita uku zuwa huɗu a wuni, ko ba ka jin ƙishi, domin sanyi na ɓoye ƙishirwa. Abinci kuma kakanninmu fatake sun riga sun warware matsalar: garin rogo, ƙuli-ƙuli, kilishi, dambun nama, dabino, gyaɗa, zuma, duk marasa nauyi ne, ba sa lalacewa. Da dare taliya ko shinkafa. Wake dai a bar shi a gida, domin a wannan tsayi ruwa na tafasa ne a wajen digiri 92 maimakon 100, sai ka ƙone itace ko gas ɗinka bai nuna ba. Idan an kawo muku madara daga ruga, ku karɓa da godiya, ku tafasa kafin ku sha. A jakar magani a sa fanadol, bandeji, filasta, gishiri da sukari na zawo, da maganin maleriya, saboda sauron Serti da Bali ba ya sanya.

Sallah ba ta da wahala a tafiyar nan. Wanda ya taso daga nesa matafiyi ne, yana da ƙasaru muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri guda ba. Alƙibla daga wannan yankin tana arewa maso gabas. Ruwan alwalar asuba a ɗan ɗumama shi a kan wutar shayi.

Ranar ƙololuwa ku bar tanti da kaya masu nauyi a zangon ƙarshe, ku ɗauki ruwa, abin taɓawa, rigar ruwa da tocila. Ku fita da duhu-duhu, domin da safe ne sama ta fi washewa, zuwa azahar gajimare ya fara taruwa. Tun kafin ku tashi ku yanke lokacin juyowa, misali ƙarfe 12 na rana, ku kuma riƙe shi ko da ƙololuwar tana gabanku kuna ganinta. A wannan yanki rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, duhu kuma ba ya jira. Hawan ƙarshe ciyawa ce gajera a kan doro mai iska, sai ka hau wani tudu kana cewa nan ne ƙololuwar, ka tarar da wani a bayansa. Kada ka tambayi jagora saura nawa sau goma.

Idan Allah ya sa ka dace da rana mai haske, abin da za ka gani ya biya kuɗin sabulu. Ta gabas tsaunukan Adamawar Kamaru ne jere bayan jere, kowane ya fi na gabansa shuɗi har su narke cikin sama. Ta kudu maso yamma tudun Mambila ne a shimfiɗe, da ɗigo-ɗigon shanu da kurmin itatuwan turare kewaye da garuruwa. Ta arewa ƙasa ta zube zuwa kwarin Gashaka. Ka lura da yadda kurmi mai duhu ya cika kowane kwari da lungu, doron kuma ciyawa zalla: inda wutar rani ba ta kai ba ne itatuwa suka tsira. Daga cikin waɗannan kurmi ne ƙoramu ke fita su zama Mayo Kam da Mayo Gamgam da 'yan uwansu, su zuba a Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. A cikinsu kuma, can ƙasa, akwai ɓauna da damisa da bika da birai masu dogon gashi baƙi da fari, da wani nau'in cimfanzi da ba a samunsa ko'ina a duniya sai Najeriya da Kamaru, wanda masu bincike ƙarƙashin Farfesa Volker Sommer na Landan suka fara nazarinsa a Kwano tun shekarar 2000. Kada ka sa rai za ka gan su daga sama. Wannan wata tafiyar ce ta daban, daga ƙauyen Gashaka, inda har kangon ganuwar Jamusawa yake, domin duk wannan ƙasa Kamarun Jamus ce a da, ta koma hannun Ingila bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigo Najeriya.

Wannan tarihin yana da alaƙa da inda kake tsaye: taku kaɗan ta gabas, kana Kamaru. Riƙe katin shaidarka a aljihu, kada ka gangara ta wancan gefen don neman hoto, jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuma kada ka tashe shi sai da izini a rubuce. Rabin awa zuwa awa ɗaya ya isa a sama. Iska za ta kore ka ko ba ka so.

A gangara aka fi jin rauni. Ƙafa ta gaji, hankali ya riga ya koma gida, busasshiyar ciyawa kuma santsi gare ta kamar tabarmar da aka zuba wa mai. Ɗaure igiyar takalmi tamau don kada yatsu su riƙa dukan gaba, sassauta gwiwa, sanda ta riga ƙafa sauka, inda ya yi tsaye sosai ka sauka a karkace. Ba a gudu.

Dokokin gandun ba su da yawa, kuma renja zai faɗa maka su: ba farauta, ba sare ɗanyen itace, ba tsinkar tsiro ko ɗaukar dabba. Wanda na fi jaddadawa shi ne wuta. Da rani guntun sigari ɗaya ya isa ya cinye gefen dutse ya shiga kurmin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana tsaye. A hura ta inda renja ya nuna, a kashe ta da ruwa, a taɓa tokar da hannu kafin a tashi. Ledar fiya wata, gwangwani da batir duk a sauko da su, saniya na haɗiye leda ta mutu, kuma mai ita ne ya ba ka madara jiya. Bayan gida a yi shi nesa da ƙorama, a tona rami a rufe.

Da kun sauko, ku sallami 'yan dako a gaban wanda aka yi ciniki a gabansa, ku koma ku yi wa jauro ban kwana. Sannan ku tsaya a ofishin Serti ku shaida musu kun fito lafiya, ku faɗa musu duk abin da kuka gani a hanya, tarko ne, sabon sara ne ko wuta. Wanda ya wuce gida bai sanar ba, sunansa na nan a littafi a matsayin wanda ke cikin daji, kuma renjoji ne za su fita nemansa.